Bangon Masu Kuskure

Kettle Run, Pennsylvania
Oktoba

Yaya Arlene,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Harold. Yaya gwiwar? Mu nan lafiya, sai gajiya. Joyce tana gaishe ki. Tunda kin ƙi sa na'urar kunnen nan, waya ba ta da amfani tsakaninmu, sai ki yi haƙuri da rubutuna. Ba biron ne ya lalace ba, hannun ne.

Na je wurin likita. Ya ce ciwon karkarwa ne, ba ya warkewa, sai dai magani ya rage masa gudu. Na tambaye shi har yaushe zan iya riƙe abu a saiti, ya ce shekara biyu ko uku, in an yi sa'a. Da na fito ban nufi gida ba, na wuce ofishin wata lauya, Misis Petrakis. Ina so a goge min tsohuwar shari'ar nan, in sami izinin riƙe bindiga kafin hannun ya ƙi gaba ɗaya.

Na san abin da za ki ce: shekara talatin da ɗoriya ina zaune da abin, sai yanzu? To, sai yanzu. Muƙamuƙin Ray Dombrowski da na fasa a bakin mashaya, na yi zaman gidan yarinsa na gama tun ina saurayi, amma doka ba ta gama da ni ba. Duk shekara in lokacin farauta ya zo, maza su shiga daji, ni in tsaya a bukka ina suyar ƙwai. Ko bindiga aka jingina a teburin da zan goge, sai na kira wani ya ɗauke min. Samarin yanzu sun ɗauka kuku ne aka ɗauko haya.

Kin tuna bangon nan na bayan murhu? Duk wanda ya harbi barewa ya kuskure, Baffa Virgil ya zaro wuƙa ya yanke masa gindin riga, a rubuta suna, a buga da ƙusa. Baba yana da huɗu a wurin, hatta fasto yana da ɗaya. Ni ko ƙyalle. Lokacin da nake farauta ban taɓa kuskure ba, kin san irin cika bakin da na yi da haka. Ga shi yau duk wanda ya duba bangon zai rantse ban taɓa shiga dajin ba.

Lauyar ta ce sai an nemi afuwar gwamna tukuna, sannan a koma kotu a goge. Na ce wata nawa ke nan? Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce, "Mista Stahlman, ka dai ce shekara."

Ki ci gaba da ajiye min bindigar Baba. Ki ce wa Harold ya riƙa shafa mata mai.

Ƙaninki,
Merle

Kettle Run
Disamba, bayan shekara

Yaya Arlene,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jikinki. Kunun gyaɗar kirki ba ku da shi a Erie, amma tuffar da kika aiko ta iso, mun gode. Ki gaida Harold da yara.

Bana ban je bukka ba. Misis Petrakis ta hana. Ta ce muddin takardata na gaban masu afuwa, kada a gan ni a ɗakin da bindigogi ke rataye, ko da ludayi ne a hannuna. Tun da na fito gidan yari ban taɓa fashi ba sai bana. Ranar buɗe farauta ina zaune bakin taga, ina jin ƙarar harbi daga kan tudu, ina gane ta kowa. Na ji ta Baffa sau ɗaya, na san ya samu.

Yaya, na gaji. Sun ɗauki hoton yatsuna, sun karɓi shaidar fasto da ta ubangidana na wurin yankan katako. Wani jami'i ya zo gida ya buɗe har kwabar kwanuka, sannan ya ja Joyce gefe ya tambaye ta ko ina dukanta. Ta ce, "Wannan? Ko ƙuda sai na taya shi." Labarin faɗan nan kuwa na ba da shi a rubuce, na ba da shi da baki, na sake rubutawa, har ya fara yi min kama da labarin wani mutum da ban sani ba.

Sun kuma tuntuɓi Ray, don ƙa'ida ce a ji ta bakin wanda aka yi wa laifi. Na yi mako ba na barcin kirki. Rannan muka haɗu a shagon taya, ya tsufa, ya yi tumbi. Ya ce, "Kai ne kake wahalar da ni da takardu? Na ce su ba ka abinka. Ni haƙoran robar nan sun ma fi nawa na da kyau." Ya buga min kafaɗa ya wuce. Shi ya gama da maganar tun tuni, gwamnati ce ba ta gama ba.

Baffa ya kira ni yana tari, yana masifa, wai kofin da suka sha bana ko mota ba za a wanke da shi ba. Daga nan ya sassauta murya ya ce, "Ɗan nan, wa zai gan ka a daji? Zo in ba ka tawa ka harba sau ɗaya, mu rufe baki." Ba zan ɓoye miki ba, sai da na sa takalmi. Na zauna a mota, na tayar, na kashe. Ba harbi a ɓoye nake nema ba. So nake in fito da ita a kafaɗa, kowa yana kallo.

Kofin shayi yanzu da hannu biyu nake ɗauka.

Naki,
Merle

Kettle Run
Satumba

Yaya Arlene,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji an yi miki aikin gwiwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ki yafe min gajeriyar wasiƙa, layi biyu nake yi in huta.

Gwamna ya sa hannu. Na tsaya gaban masu afuwa cikin kwat ɗin da na sa ranar jana'izar Baba, suka yi min 'yan tambayoyi, kafin in gama share gumi an kira na bayana. Shekara biyu ina jiran abin da bai kai tafasar ruwan kofi ba.

Na ɗauka shi ke nan. Na kira lauya ina murna, ta ce, "A'a, kada ka taɓa ko harsashi. An yafe maka, amma sunanka yana nan har alƙali ya ce a goge." Na ce yaushe? Ta ce za ta matsa. Matar tana ƙoƙari, ban da abin cewa a kanta. Amma na ajiye wayar na ji ko fushin ma ba ni da ƙarfinsa.

Likita ya ƙara magani. Joyce ce ke ɓalla min maɓallin riga. In bai fito kafin farautar bana ba, Yaya, baɗi ba ni da hannun da zan yi amfani da shi. Ki ce wa Harold ya zauna cikin shiri, amma kada ya taso sai na ce.

Ƙaninki,
Merle

Kettle Run
Disamba

Yaya Arlene,

Muna gaishe ki da kyau, ke da mutanen gida. Za ki ga rubutun ya yi kyau. Joyce ce ke rubutawa, ni ina faɗa.

Harold ya gaya miki alƙali ya sa hannu ana saura kwana kaɗan, amma ya juyo tun kafin mu shiga daji, saura ni zan ba ki. Da ya miƙo min bindigar Baba a ƙofar gida sai na tsaya ina waige-waige, ina neman wanda zai karɓar min. Sabo ke nan.

Da safe na fito daga bukka da ita a kafaɗa. Samarin suka bar cin abinci suna kallona. Baffa ba ya iya hawan tudu yanzu, sai muka zauna gindin itace kusa da rafi, ya saro min reshe mai baki biyu in ɗora bakin bindigar. Rana ta ɗan ɗaga sai ga namijin barewa, ƙahonsa reshe-reshe, ya tsaya a fili, tudu a bayansa. Kusa ƙwarai, Yaya. A da ko da ido ɗaya ba zan rasa shi ba. Na saita, bakin bindigar yana ta zagaye kamar ana tuƙa tuwo. Na riƙe numfashi, na ja. Dusar ƙanƙara ta zubo daga wani reshe can sama da kansa. Ya ɗaga wutsiya ya yi gaba abinsa.

Da muka koma, kowa ya riga ya ji. Ba wanda ya yi dariya. Wani ya ce ai tsohuwar bindiga ce, saitinta ya goce. Wani ya zuba min kofi, rabin kofi, don kada in zubar. Suka shiga hirar mota. Nan na gane tausayina suke ji, za su bar maganar ta wuce. Duk wahalar da na sha a shekarun nan ba abin da ya yi min ciwo kamar wannan shirun.

Sai na ji Baffa yana laluben aljihu. Ya ce, "Kai, gwanin da ba ya kuskure! Yau kuma tsuntsu ka je nema? Juyo min nan." Ɗakin ya fashe da dariya. Suka riƙe ni kamar zan gudu, ya kama gindin sabuwar rigar da Joyce ta saya min, ya yanki abin da ya kai tafin hannu biyu. Ya rubuta sunana. Ya riƙe ƙusar, ya miƙo min guduma, ya ce, "In ka fasa min yatsa, babu lauyar da za ta cece ka." Sau uku ina bugun katako kafin in sami ƙusar. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, suka ce hayaƙin murhu ne.

Ba zan sake harbi ba, na sani. Bindigar tana rataye a falona, kuma na gaji irin gajiyar da ban san ranar da za ta sake ni ba. In gwiwa ta bar ki, ki zo da bazara in kai ki bukka. Yana ƙasan na Baba na uku, ja mai layi-layi.

Joyce ta ce za ta yi wa rigar faci. Na ce ta bar ta haka.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Merle