Ni na ƙona giyar motar Alhaji, amma ƙaninsa ake zargi

Assalamu alaikum admin da masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni direba ne a Batsari. Shekara shida ina tuƙa wani Alhaji mai sayen hatsi, mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba. Bana ya ce tsohuwar motarsa ta gaji, sai ya tura ƙaninsa, bari in kira shi Malam Lawal, malamin makaranta ne a Safana, ya je ya zaɓo masa sabuwa otomatik. Lafiya lau mota ta zo. Ni shaida ne, don ni na fara murza sitiyarinta.

Sati uku da zuwanta Alhaji ya yi tafiya ya bar mini makulli. Ina da 'yar gona wajen Darini, wakena ya bushe, kuma kun san yanzu ba mai son daɗewa a gona. Na ce bari in kwaso buhunan sau ɗaya in dawo, wa zai sani? A dawowa da hantsi na faɗa yashin wani rafi, tayun gaba suka nutse. Ina tono da hannu sai na ji ƙarar babura da yawa ta ɓangaren daji. Duk ɗan yankinmu in ya ji wannan ƙarar, 'yan bindiga ne ke fara faɗo masa a rai. Na faɗa mota na take totur har ƙasa, ina buga giya gaba ina buga ta baya, ko birki ba na takawa tsakani. Ban san sau nawa na yi ba. Ƙauri ya cika motar, sannan ta fizge ta fita da wata ƙara ta ƙarƙashi. Baburan nan kuwa 'yan kasuwa ne, har ɗayansu ya ɗaga mini hannu. Na kai ta wanki, na ajiye, na ja bakina.

Daga ranar in na sa giya sai ta yi jim kafin ta kama, in ta kama kuma da zabura. A kan kwalta inji ya yi ta kuka amma gudu ba ya ƙaruwa. In na karya kwana sai ƙas-ƙas ta tayar hagu. Da Alhaji ya dawo ya ji da kunnensa, ya ce mu kai ta gareji. Bakaniken dattijo ne, ba ya gaggawa. Ya zaga da ita, ya ɗaga ta a jak, ya nuna mana robar shaf ta yage, maiko ya zube. Ya zaro ma'aunin man giya ya shinshina, ya goga a farar takarda, baƙi ƙirin. Ya ce giya ta ƙone daga ciki, kuma ɗayan biyu ne, ko an sayo ta da ciwonta, ko a nan aka wahalar da ita. Sai ya dube ni.

"Direba, tsakaninka da Allah, ta taɓa kafewa a yashi ko laka?"

"Wallahi Baba, kwalta kawai ta sani."

A gaban Alhaji na yi wannan rantsuwa, ko muryata ba ta yi rawa ba. Wane irin mutum ne ni?

Alhaji ya ɗauka ƙaninsa ne ya sayo masa gyararriyar mota ya rufe shi. Ya kira shi zuwa shagonsa na hatsi, a gaban mutane ya ce da baƙo ya aika da bai yi masa haka ba. Idanun Malam Lawal suka kaɗa. Yau wata guda ko gaisawa ba sa yi. Na ji a makarantarsu har dillalin mota ake kiransa. Mahaifiyarsu tsohuwa ce, an ce kullum cikin kuka take.

Shekaran jiya Malam Lawal ya same ni har gida. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Kai ka fara tuƙa ta. Ba na ce ka kare ni ba ne, ka faɗa wa Yaya yadda ka ji ta ranar da ta zo kawai." Na sunkuyar da kai na ce ni ba bakanike ba ne. Ya ce ba komai, Allah ya sani, ya tada babur ɗinsa ya tafi.

Abin da ya fi cina shi ne ba mai kama ni. Bakaniken ya ce ko ya buɗe giyar ba zai iya sanin ranar da ta ƙone ba. Bakina ne kaɗai zai wanke bawan Allahn nan. In na faɗa, aikina ya tafi, ga yara biyar, kuma wa zai sake ba maƙaryaci mai rantsuwa makulli a garin nan? In na yi shiru fa, da wane ido zan tsaya gaban Allah?

Mahaifiyarsu ta ce su zo gabanta ranar Juma'a bayan an sauko, Malam Lawal ya ce zai dafa Alƙur'ani. Ni zan kai Alhaji, kuma ya ce in shiga tare da shi in zama shaidarsa. Jama'a, me zan yi?