Manhajar Da Ta Share Guɗar Inna Ramla

Ustaz Bilyamin, a taimaka mini kafin Juma'a.

Da farko dai in yaba wa masu ƙera manhajar zamani, Allah Ya saka musu. Tsaftarsu ta kai inda in suka share ɗaki, har mai ɗakin suke haɗawa da shara.

Ni ɗan Mai Wurno ne, riɗi nake saye da sayarwa, na kuma taɓa boko kaɗan. Babanmu ya bar mana faifan garmaho guda, wanda muke ce wa asɗuwana, na wani mai goge da aka ɗauka a Omdurman tun ban zo duniya ba. A tsakiyar waƙar akwai guɗa, kuma marigayiya Inna Ramla ce ta yi ta, ƙanwar Iyata. Iya ido ya tafi, sai kunne. Faifan kuma zafi ya fara lanƙwasa shi.

Na hau mota zuwa Sinnar, na aro garmahon Saifuddeen mai gyaran rediyo, na juye waƙar a kwamfuta. Ƙaras-ƙaras ta yi yawa, kamar ana suyar gyaɗa. Saifuddeen ya ce in adana ɗanyen kwafi tukuna, in yi gyara da hannu. Na ce masa ni ba a koya mini tankaɗe. Na samo manhajar share ƙara mai maɓalli ɗaya, na danna, na ajiye sabon a kan tsohon, na mayar masa da kayansa ina cika baki.

Waƙa ta fito fes. Na kunna wa Iya, ba a je ko'ina ba ta ce in kashe, wai ina Ramla. Ashe manhajar ta ɗauki guɗar a matsayin ƙara, ta cinye ta. Tun ranar Iya ba ta sake neman waƙar ba, ni ma na kasa zaman rumfa.

Saifuddeen zai tashi zuwa Gadarif ranar Juma'a, da garmahonsa. Komawa wurinsa kuwa, kasuwar Sinnar kaf sai ta ji. Matata Hanaa ta iya guɗa. Wace manhaja ce za ta liƙa tata a gurbin, ta ɗan tsufar da ita yadda ba za a gane ba?

Mai Riɗi, Mai Wurno

Amsa

Ɗan'uwa Mai Riɗi, niyyarka mai kyau ce, kuma dariyar kasuwa ba daɗi, na sani. Amma kwana biyu take yi. Faifan da ke lanƙwashewa ba zai jira ka ba.

Gobe ka hau motar farko, ka gaida Saifuddeen, ka ce masa ya yi gaskiya. Ku goge faifan da ƙyalle mai laushi, ku sake juyewa a tsarin WAV, wanda ba ya rage komai a sauti. Wannan ɗanyen kwafin a ajiye shi wuri biyu, kada a taɓa shi. Gyara a kan kwafi na dabam ake yi.

Manhaja kuwa, zaɓi wadda za ta bar ka ka ji abin da take shirin cirewa, kuma ka iya komawa baya. Audacity ta kyauta ta isa. Cire manyan ƙaras ɗin ɗaya bayan ɗaya, wurin guɗar kuma ka bar shi da ƙurarsa. Da ita Iya ta san shi.

Allah Ya ƙara wa Iya lafiya, Ya ji ƙan Inna Ramla. Batun Hanaa kuwa: tsohuwar da ta gane babu muryar ƙanwarta tun waƙa ba ta yi nisa ba, minti nawa kake jin za ta ɗauka kafin ta gane ta surukarta?