Shaidar Raƙumin Ubana

Arlit, daren Talata

Har yanzu raina a ɓace yake. Yau a wajen bitar fizik na rubuta ψ a allo, alamar da ke bayyana halin elektron. Iliyasu ɗan ajinmu ya kwashe da dariya: "Ku duba, 'yar ƙauyen Gugaram ta zana mana shaidar raƙumin ubanta!" Kowa ya dara.

Daga baya na ji shi yana koya wa abokansa wai ψ kanta ita ce yiwuwar samun elektron a wuri. Ina! Sai an ɗauki |ψ|², wato an ninka girmanta da kansa. Wallahi ban gyara masa ba. Ranar Alhamis zai tashi ya yi bayani gaban Malam, ni kuwa a layin gaba zan zauna. Raƙumin ubana zai tattake shi gaban kowa.