Sunana a Watan Yuni

Sundsvall, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga Yaya Gunvor,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Douglas da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan da kika ce sanyin Halifax ya tayar. Mu nan lafiya lau. Kerstin, uwargidana, tana ta fama da ɗalibanta. Mama kuma ƙalau take, har yanzu tana cewa ke ba ki iya rubuta wasiƙa ba, ni kuma ban iya gajarta ta ba.

Yanzu ki gyara zama, domin labarin mai nauyi ne. Ina sanar da ke, cikin alhini, cewa ranar Juma'ar da ta wuce, da ƙarfe uku na yamma, an ci burodin kirfa na kanti a maɗaba'ar da nake aiki. Na cikin leda, Yaya. Mutum goma sha ɗaya muka zauna muna tauna, ba wanda ya ɗaga kai. Na karanta tarihin faɗuwar dauloli da yawa, amma ban zaci zan ga guda da idona a kan faranti ba.

Kin tuna takardar nan da ake mannawa a bayan ƙofar ɗakin shan kofi duk watan Janairu, mai ɗauke da Juma'o'in shekara, kowa ya rubuta sunansa a ranar da zai kawo burodin da aka gasa a gidansa. Shekara talatin da takwas Baba yana aiki a nan, yana rubuta nasa a Juma'ar farko ta Yuni, Mama na gasawa, shi yana karɓar yabo. Har yau ina jin ƙamshin kirfa haɗe da na tawada idan na tuna yadda muke biyo shi daga makaranta mu zauna a kan damin takardu. Yakan ce ya san inda zai kasance ranar Laraba nan da shekara goma. A lokacin mun ɗauki wannan a matsayin abin tausayi, har ke kika tsallake teku don gudun irin wannan Larabar. Yau da ana sayar da ita da na shiga layi.

Tun watan Oktoba sababbin masu kamfanin suka tara mu, suka ce za a rage mutum uku ko huɗu kafin ƙarshen Afrilu. Ba su faɗi suna ba. Da sun kori mutum a ranar, da an yi baƙin ciki an gama. Sai suka bar mu muna kallon juna. Aikin da muke yi da waƙa ya koma ana yin sa da waige. Majken, mai ɗinkin littattafai, wadda a da ba ta barin shafi ko guda ya fita a karkace, yanzu cewa take wa za ta yi wa. Kin san kuma ƙa'ida, na ƙarshen shigowa shi ne na farkon fita. A sashen duba rubutu mu biyu ne, ni da Ingemar, abokina wanda ya riƙe mini zobe ranar aurena. Ni na fara aiki ranar Litinin, shi ranar Laraba, duk a cikin mako guda, shekara ashirin da uku da suka wuce. Duk tsawon shekarun nan "sabon yaro" nake kiransa, shi kuma yana ce mini "tsohon da ya girme ni da kwana biyu". Tun Oktoba ba wanda ya sake yin wannan wasan.

Da aka manna sabuwar takarda a Janairu, sai sunaye suka tsaya cak a ƙarshen Maris. Daga Afrilu zuwa ƙasa fari fat. Ni kuwa, da yake na fi kowa karatu, sai na miƙe da kofi a hannu na yi musu lacca. Na ce mutanen da suka gaji tuƙa jirgin ruwa cikin ƙanƙara yau sun koma tsoron takarda da fensir. Na zaro biro, ba fensir ba, na rubuta sunana da manyan baƙaƙe a Juma'ar farko ta Yuni. Ba wanda ya ce uffan, ni kuma na ɗauka girmamawa ce.

Daga ranar Ingemar ya daina shigowa shan kofi, sai ya sha nasa a teburinsa. Juma'ar da ta wuce tasa ce, shi ya ajiye ledar nan ya fita. Da na fara zolaya, sai Majken ta ja ni gefe ta ce, wai duk littattafan da na haɗiye ba su bar wa hankali wuri ba. Ta ce kowa a ginin ya ɗauka manaja ya raɗa mini cewa ni zan tsaya, domin a garin nan ba mai rubuta abu da biro sai ya tabbata. Ingemar kuwa ya fahimci cewa shi ne mai tafiya, kuma na sani na ɓoye masa. Ta ce ya rame, ciwon ciki ya kai shi wurin likita sau biyu, ni ina zaune kusa da shi ina neman waƙafin da ya ɓace.

Ranar Lahadi da rana na je gidansa, na same shi yana kwashe ƙanƙara a ƙofar gida. Na rantse masa ba wanda ya gaya mini komai. Ya ce to in haka ne ashe ni ba maci amana ba ne, wawa ne kawai, kuma wannan ya saba da shi. Ya miƙo mini shebur ya ce tsoho ya motsa jini. Muna aiki ya gaya mini ba korar ce ta fi cinsa ba, jiran ne, da yadda ya wayi gari yana ƙirga kwana biyun nan kamar ni na sace masa su. Na ce masa ni ma tun Oktoba ban iya gama littafi ko guda ba, sai in kai ƙarshen shafi ban san abin da na karanta ba. Ban taɓa faɗa wa ko Kerstin ba. Ya ce ai ya lura, don na daina damunsa da labarin sarakunan Rum.

Jiya Litinin ya shigo ɗakin kofi, ya karɓi birona, ya rubuta sunansa a jikin nawa. Ya ce wanda aka bari ya kawo kofi, wanda aka sallama ya yi gashi, tunda shi ne zai samu lokaci. Har yanzu ba mu san ko wane ne ba.

Ki gaida Douglas, da yaranku, Linnea da Oskar da amaryarsa. Mama da Kerstin suna gaishe ki, Ingemar ma ya ce in gaida wadda ta fi mu wayo.

Ƙaninki,
Torsten

Na manta. A wasiƙata ta Kirsimeti na ce miki wannan abu bai taɓa ni ba, masu raunin zuciya kawai yake kamawa. Ki soke layin nan. Ban faɗi daidai ba.