Ciyayyar Ƙofar Gidan Cindo

Juma'a, 8 Oktoba 1982
Shekara guda cif da zuwana Yelwa koyar da Turanci. Ranar da zan baro zangon Kumasi, Inna ta ce, "Gida za ka, Jabiru, daga can kakanka ya fito." Wane gida? Har yau sunana Malam Ɗan Gana. In na yi Hausa 'yan aji su tuntsire da dariya, in na yi Turanci su yi tsit kamar gidan makoki.

Lahadi, 14 Nuwamba
Yau ban yi magana da kowa ba sai mai kifi a bakin ruwa. Shi ma cewa ya yi 'yan Gana mun cika musu gari. Wai wasa yake.

Alhamis, 9 Disamba
Kullum bayan magariba magidantan unguwa kan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Cindo masunci, wanda nake haya a gidansa. Kowa ya fito da kwanonsa, a haɗa a ci tare. Ciyayya ke nan. In na gitta su ce, "Bismilla, Malam," irin wadda ake yi wa kowane mai wucewa, in ce alhamdu lillahi. Ko sau ɗaya ba a aiko an kira ni ba, ni kuwa ba zan cusa kai ba. Na dafa 'yar shinkafata, na tura ƙofa, na ci ina jin dariyarsu ta taga. Kaɗaici ya ishe ni wallahi.

Talata, 18 Janairu 1983
Rediyo ta ce baƙi marasa takardu su bar ƙasar cikin mako biyu. Shugaban makaranta ya ce in kwantar da hankalina, takarduna lafiya lau. Na shiga aji na tarar an zana mota a allo, da mutum a samanta rungume da akwati. Har da tabarau irin nawa. Na goge, muka ci gaba da darasi.

Laraba, 26 Janairu
Mista Owusu, ɗan ƙasarmu mai koyar da lissafi, ya samo motar da za ta tashi zuwa Gana ran Lahadi. Na ce ya riƙe mini wuri. Ba wanda ya kore ni. Amma in zauna don wa?

Juma'a, 28 Janairu
Na ɗaure kaya. Sauran shinkafa da wake na dafa, tukunya guda, ya fi ƙarfina. Na juye a babban kwano na kai wa masu ciyayya, niyyata in ajiye in juya. Cindo ya cafke gefen rigata.

"Zamna, Malam. Yau ka tuna da mu?"

Na ce ai ba a taɓa kirana ba.

Sallau, wani dattijo mai ɗinkin komar kamun kifi, ya saki baki. "Kira? Wa aka kira ciyayya? Mutum kwanonai shika ɗaukowa shi zamna. Mu da munka ga kana ruhe ƙohwa, mun ɗauka ƙyamar hannunmu kaka yi, don muna ƙarnin kihi."

Na rasa inda zan sa kaina. Wata goma sha biyar ina fushi da mutane, ashe su ma fushin suke da ni. Cindo ya turo mini tuwo da miyar kifi, ya ce in sa hannu tun bai huce ba. Ba wanda ya ta da zancen rediyo.

Asabar, 29 Janairu
Na sake fita da kwano. Don dai kayan abincin su ƙare ne.

Lahadi, 30 Janairu
Motar ta tashi da hantsi, ban shiga ba. Na ce wa Owusu 'yan aji biyar suna da jarrabawa, bai kamata in watsar da su ba. Gaskiya ne ai, suna da ita. Ya dube ni kawai ya ba ni hannu.

La'asar ta yi, bari in ɗora tukunya. Sallau ya ce barkonona ya yi yawa, in rage.