Harafin da Ya Ci Kunnen Agali

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karantawa. Don Allah a ɓoye sunana. Ina roƙo kuma kada ku yi saurin zagina, ba don ban cancanci zagin ba, sai don in kuka fara tun yanzu ba za ku kai inda nake neman shawara ba.

Ni tsohon malamin Faransanci ne, na ajiye aiki. Inda aka fara tura ni wata kolej ce, wato ƙaramar sakandare ta gwamnati, a Tawa, lokacin farin nan na shekarun tamanin, soja na mulki. Ina ɗan ashirin da 'yan kai, na zo daga Maraɗi da wando mai kaifin guga, ina jin duk faɗin Adar babu mai Faransancina. Ajina kashi biyu ne. A gaba 'ya'yan ma'aikata da na 'yan kasuwa, masu takalmi, waɗanda suka karya kumallo kafin su fito. A baya 'yan ƙauyukan Kalfu da Tebaram da Takanamat, da 'ya'yan makiyayan da dabbobinsu suka ƙare, suna zaune gidajen masu masauki, wani sai ya kai azahar bai sa komai a cikinsa ba. Ni na tsara zaman haka, babu wanda ya sa ni. Diraktanmu kullum zancensa ɗaya, cewa sakamakon yara ofishin prefe ake kai shi, wato hafsan sojan da ke mulkin jihar, kuma hafsan soja ba ya son jin labarin ajin da ya faɗi. Don haka mun riga mun yanke a ranmu cewa na gaba su za su fitar da mu kunya, na baya cikon benci ne.

Sai ga wani yaro, zan kira shi Agali, Buzu ne daga wajen Takanamat, siriri, riga ɗaya gare shi. Zangon farko shi ya zo na ɗaya daga can bencin ƙarshe, ya wuce duk 'yan gaban. Ko a dikte, inda malami ke karantawa yara na rubutawa, kuma kure biyar ke ba ka sifiri, Agali bai taɓa wuce kure ɗaya ba. Wane malami ne ba zai yi murna ba? To ni haushi na ji. Na ji kamar ya ƙaryata ni ne a gaban mutane, alhali yaron ko ido ba ya haɗawa da ni.

Wata safiya ina rubuta darasi a kan allo, na rubuta kalmar da ke nufin fari, sécheresse, sai na sa mata s ɗaya a ƙarshe. Hannun Agali ya tashi daga baya. Ya ce a hankali, “S biyu na, Mushe.” Haka ake kiran malami a wurinmu, wato monsieur. Wata yarinya a bencin gaba ta ƙyalƙyale da dariya. Da ban ji dariyar nan ba, da me zai faru? Shekara arba'in ina yi wa kaina wannan tambaya. Na kira shi gaba, na ce ya maimaita. Ya maimaita, don shi a tunaninsa tambayarsa nake yi. Na ɗaga tafin hannuna na zabga masa mari a kunnen hagu, na ƙara, na ƙara na uku, ya tafi luu kansa ya bugi gefen benci. Ban tsaya ba. Na ɗauko sandar nuna allo na yi ta zuba masa a baya da wuya har ta karye, na ci gaba da guntun, ina ce masa ɗan daji, mai warin raƙumi, yaushe ka fara sa wando da za ka gyara mini rubutu. Ya dunƙule a ƙasa ya rufe kai, ko kuka bai yi ba, ni kuwa rashin kukan ya ƙara tunzura ni na sa ƙafa. Abin da ya tsayar da ni jini ne, siriri, yana fitowa daga kunnen yana bin wuyansa zuwa cikin rigar. Na ce ya koma wurinsa. Sannan na juya, na ɗauki alli, na ƙara s ɗin a kan allo kamar ba a yi komai ba.

Duka a wancan zamanin ba labari ba ne, babu wanda ya kai ƙara, ina ma ɗan makiyayi zai kai ta? Abin da na yi bayan nan shi ne abin kunyar, kuma ko matata ba ta san shi ba. Sati biyu Agali bai zo ba. Da ya dawo sai na lura yana karkata kai yana miƙo kunnen dama in ana magana. Na gane sarai. Da malamin kirki ne, da ya dawo da shi bencin gaba. Ni kuwa in lokacin dikte ya yi sai in taka zuwa ɓangarensa na hagu, in rage murya, in karanta da sauri. Ina kallonsa yana bin bakina da ido, yana barin gibi a takarda. Sifiri, sifiri, sifiri. Ni nake sa su da jan biro, kuma wallahi ina jin sanyi a raina, don muddin yana na ɗaya, kowa zai tuna ranar da ya gyara ni. Ƙarshen shekara makinsa bai kai ba, aka kore shi. Dirakta ya ce ai haka 'yan daji suke, su fara da zafi su ƙare ba komai. Na gyaɗa kai.

Ubansa ya zo, dogo, rawaninsa ya koɗe, ƙasusuwan hannunsa a waje. Ya ce, “Mushe, mi ya samu yaron ga? An ce mani shi ad na hwarko.” Na dube shi na ce kan yaron ne ba ya ɗauka, mun yi iyakar ƙoƙarinmu. Ya ce, “Shanu sun tahi, raƙuma sun tahi. Shi ɗai munka sa ma ido.” Ya buɗe jakar fata ya ciro cuku biyu busassu, Allah kaɗai Ya san tun yaushe yake ɓoyonsu, ya miƙo mini ya ce tanimmirt, wai godiyar wahalar da na sha da ɗansa. Agali na tsaye bayansa yana kallo. Na karɓa. Ta taga na hango su a bakin ƙofar makaranta, uban ya cire takalminsa yana buga wa yaron a ka. Cukun kuma na ci shi da shayi.

Yanzu ga abin da ya taso. 'Yan wannan ajin sun kafa ƙungiya, sun shirya walimar karrama ni ranar Asabar, kuma yarinyar da ta yi dariya ita ce shugabarsu. Wanda suka aiko da takardar gayyata Agali ne. Yana ɗinkin takalman fata a kasuwa, furfura ta cika masa gemu. Ya zo da 'yarsa, malamar makaranta ce. Ya zauna a tabarmata ya juyo mini da kunnen dama. 'Yar tana dariya take gaya mini cewa babansu shi ne daƙiƙin gidan, kakansu har ya rasu yana faɗin haka, shi ya sa kakan ya matsa musu karatu don kada su gaji babansu. Agali ya yi murmushi kawai. Ta ce shi aka zaɓa ya miƙa mini kyauta a gaban jama'a.

Da na rako su ƙofa, 'yar ta yi gaba, ya riƙe hannuna da nasa biyu. Ya ce, “Mushe, na san ɓangaren da kaka tsayawa.” Ya sake ni ya bi ta.

Tun ranar abinci ba ya wuce mini. Uban da na yi wa ƙarya ya mutu da ita. In na tashi ranar Asabar na faɗi gaskiya, 'ya'yana da jikokina suna wurin, sunan da na tara shekara arba'in ya zube, wannan kam na yarda. Amma shi fa? Ya rufe abin nan duk tsawon rayuwarsa, ina da ikon buɗe shi a gaban 'yarsa ba da izininsa ba? In kuma na yi shiru, zan miƙa hannun nan na dama in karɓi kyauta daga wurinsa, 'yarsa na tafi, tana ganin ubanta daƙiƙi ne. Saura kwana huɗu.

Jama'a, me zan yi?