Delu, Na Mai Da Wa Magajiya Makullinta

Zuwa ga aminiyata Delu, duk inda take a ƙasar Allah.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wadda ta daɗe ba ta sa 'yar'uwarta a ido ba, da fatan takardar nan za ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk wanda kuke zaune tare. Mu nan Cadawa lafiya lau. An fara yankan gero, bana kuwa damina ta yi albarka.

Lambarki ta daina shiga tun bara, shi ya sa na rubuta a nan inda kowa ke gani, ko Allah zai sa wani da ya san ki can wajen haƙar zinariya ya karanta miki. Kada gabanki ya faɗi. Ban sa sunanki na yanka ba, ban faɗi garinku ba. Delun da muke kiran ki da shi a gidan Magajiya, shi kaɗai na sa.

Albishirinki. Ran Talatar da ta wuce na mai da wa Magajiya makullin ɗakinta. Da hantsi na share ɗakin tas, na fito da tukwanena biyu da akwati da tabarma, na miƙa mata makulli hannu da hannu. Tun ranar bakina bai rufu ba. Ina tafe bakin gudron, titin kwalta, ina dariya ni kaɗai, har 'yan kabu-kabu suna waiwayena. Ke nake so ki fara ji, amma bari in ɗauko miki zancen daga tushe, don rabinsa naki ne.

Kin tuna yadda na zo. Maigidana ya rasu ya bar ni da ɗiyata Hadiza da tsohuwata da idonta ya fara dushewa, rumbu kuma ya ƙare tun kafin ruwan fari. Na baro ƙauyenmu na wajen Gidan Sori na zo wanke-wanke wurin mai tuwo a tasha. Wata uku ina yi, abin da nake samu cikina kaɗai yake riƙewa. Daga nan na shiga gidan Magajiya da ke bayan tasha, gidan mata masu zaman kansu. Ba wanda ya ja hannuna, ban kuma shiga don ina so ba.

Ke kika tarbe ni. Kika ba ni kwallinki da zane ɗaya, kika zaunar da ni kamar ƙanwarki kika koya mini abin da ba wanda zai koya wa mace a gidan ubanta: kada in bar namiji ya rufe ƙofa da hannunsa, kada in ji kunyar zuwa likita, kada in sha abin da ban ga buɗewarsa ba. Yau ina da lafiyata, bayan ikon Allah, saboda waɗannan maganganun naki.

Sai dai mun sha musu, ni da ke, musamman in kina yi mini kitso a gindin dogon-yaron tsakar gida. Ni kullum ina cewa yunwa ta kawo ni. Ke kuwa ki ja gashina ki ce, “Ni ƙafata ta kawo ni. Na yi aure biyu, na san ɗacin neman izini kafin in je duba uwata tana kwance.” Kina son ɗakinki, kina son ki ci abin da ranki ya raya miki, ki fita ba mai tambayar ina za ki. Haushinki nake ji a lokacin, ban ɓoye miki ba. Na kasa gane yadda za a ce da daɗi a cikin abin da ni nake wanka bayansa ina hawaye.

Ke kika fara kama ni. Ranar kasuwa, bayan la'asar, in an cika baho da ruwa an kifa ƙwarya, ke ki kama kiɗi ni in kama waƙa, direbobi da fatake su cika gidan suna liƙi. Wata rana da aka tashi kika dube ni kika ce, “Rakiya, ƙarya kike. In kina waƙa fuskarki ba ta mai dole ba ce.” Na musa har da rantsuwa. Gani nake in na yarda akwai abu ɗaya da ke mini daɗi a gidan nan, to na yarda da dukkansa ke nan.

Ni ma na kama ki, makon da zazzaɓi ya kayar da ke. Na shigo da safe da kunu na iske ki zaune gaban madubi, kwalli na zamewa gefen ido. Manyan motoci sun tsaya a tasha, kina shirin buɗe ƙofa. Na ce ki kwanta, jiki ba ƙarfe ba ne. A ranar na fara jin cewa babanki yana asibiti a Maraɗi, ƙannenki kuma ke suke kallo. Na ajiye kwanon kunun. Ke kika gyara kwallin da bakin zane kika ce, “Daɗin nawa ne, dolen ma tawa ce. Kowanne da ranarsa.” Daga ranar musu ya ƙare tsakaninmu.

Shekara uku ke nan da kika hau motar Agadas. Da kika tafi wasan ranar kasuwa ya mutu, don ba mai hannunki. Waƙa ta koma sai in ina wanki.

To, a wajen wankin nan ne Allah ya buɗe mini hanya. Kin san Inna Mariya mai man gyaɗa, wadda katangarta ke jingine da tamu, da muke sayen ƙuliƙuli wurinta. Ashe ta daɗe tana saurarena. Bara za ta aurar da jikarta a Gazawa, mai waƙar da suka saba kira ta haihu ana saura kwana huɗu. Ta aiko a kira ni. Na ce mata, Inna, kin fa san inda nake zaune. Amsarta ba zan manta da ita ba: “Na sani. Muryar za ki ɗauko, ki baro mini gidan a inda yake.”

Delu, da kin ga tafiyar nan. Ina bayan moto, babur ke nan, da sassafe, Inna ta riga ta karanta mini sunayen kakannin amarya, manoma ne 'yan asalin Tibiri, ina ta maimaita su a bakina kar su zube a hanya. Muna isa ƙofar gida ga maza zaune a rumfa. Ɗaya daga cikinsu na san shi, shi ma ya san ni. Ya sunkuyar da kai, na sunkuyar da nawa, na wuce.

Cikin gida ma ba a rasa masu raɗa ba. Na ga wata ta janye ɗiyarta daga kusa da ni. Na fara waƙar ƙasa-ƙasa kamar mai neman gafara. Ina kai wa sunan kakan amarya na uku, sai wata tsohuwa tukuf da ke zaune bakin ɗaki ta dogara sandarta ta miƙe. Ashe mijinta ne na ambata, ya yi shekaru da rasuwa. Ta shigo fili tana taka rawa da sandar, wata ta rangaɗa guɗa, shi ke nan gida ya ɗauka. Na saki murya yadda kika san ina sakinta. Amarya tana kuka cikin mayafi, mata suna turereniya, wadda ta janye ɗiyarta ma na hango ta tana tafi.

Har la'asar ina yi. Da na gama aka kawo mini shinkafa da nama na ci, aka naɗe mini zane da sabulu, na hau moto na komo. Ba wanda ke jira na a bayan wata ƙofa. Waƙar ita ce aikin gaba ɗaya, in ta ƙare an gama. A hanya na yi ta kuka ina dariya, mai moto ya zaci aljanu gare ni. Ranar na yarda da maganarki ta gindin baho: ashe ina da abin da nake so, an dai ɗaure mini shi ne tare da abin da ba na so.

Buki ya haifi buki. Daga Gazawa aka kira ni suna a Sae Sabuwa, daga can aka kira ni wani ƙauye da sai da amalanken jaki muka shiga. Yanzu mu biyar ne. Biyu daga gidan Magajiya suka biyo ni, biyu matan aure ne da mazansu suka yarje musu. Muna da ƙoren kiɗi namu na kanmu, mun ɗinka kaya iri ɗaya, shuɗi mai ratsin fari. Shekara guda na yi ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can, don tsoro. Sai bana na ga zan iya sauke ɗayar.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ba duka ne zuma ba. Wani gida sun kira mu, da suka ji tarihina suka aiko cewa sun fasa. Yayana har yau in mun haɗu a kasuwa kau da kai yake yi. Abin da buki ke kawowa bai kai na ɗaki ba, sai na haɗa da tuyar ƙosai da safe. Magajiya da ta karɓi makulli ba ta yi fushi ba, cewa ta yi, “Allah ya sa alheri, ɗaki dai ba ya gudu.” Ban yi mata rantsuwar ba zan koma ba, don ina tsoron bazara, lokacin da buki ke ƙaranci hatsi ya yi tsada. Amma Delu, ina tashi da safe da ɗokin ranar. Rabona da wannan tun ina budurwa.

Ga wani daɗin kuma. Inna Mariya ta ba ni ɗaki a gidanta. Jibi zan je Gidan Sori in ɗauko Hadiza, na riga na yi magana a lakol, makarantar boko, za su karɓe ta. Tsohuwa ma za ta biyo mu in an gama shigar da gero. Wata maƙwabciyarmu ta kunna mata waƙata a salula ba tare da ta faɗa mata ko wace ce ba. Ta kasa kunne ta ce wannan muryar uwarta ce, wa ya gaje ta in ba Rakiya ba. An ce sau uku ta sa aka maimaita mata.

Yanzu ga abin da ya sa na dame ki. Buki huɗu ke gabanmu da an gama girbi, ba mu da makaɗiya ta kirki. Asabe, ɗaya daga cikinmu, tana ƙoƙari, sai dai hannunta a bayan muryata yake tafiya, in na juya waƙa sai ta ɓace. Ke kuwa tun kafin in juya kin riga kin sani.

Ba wa'azi na zo yi miki ba, ni wace ce. Na san nauyin da ke wuyanki, ban san kuma abin da kika iske a can ba. In har yanzu ranakun daɗi sun fi yawa, aiko mini ki faɗa, zan yarda da ke yadda ban yarda ba a da. In kuwa ranakun dole sun cinye su, ki taho. Ban yi miki alkawarin abin da kike samu can ba. Rabin tabarmata dai naki ne, da rabin kaskon ƙosai, ga shuɗin yadi na ajiye wanda zai ishe ki riga da zane.

In kin sauka a Cadawa ki tambayi mata masu mai a bakin gudron gidan Inna Mariya. In kin zo ba ki iske ni ba, muna wurin aiki, ki bi inda kika ji guɗa.

Allah ya tsare mini ke daga mugun mutum da mugun ciwo. Allah ya ba babanki lafiya in yana raye, ya jiƙan shi in ya riga mu. Allah ya yafe mana abin da muka yi da saninmu da wanda yunwa ta sa mu, ya rufa wa duk macen da ke bayan wata tasha asiri, ya buɗe mata ƙofar da za ta shiga da farin ciki. Ya haɗa fuskokinmu da alheri kafin a ɗaure gero na ƙarshe. Amin.

Taki har kullum,
Rakiya mai waƙar buki, Cadawa.